Gonakin da Ruwa Ya Fi Su Tudu

Mu da mu ke zaune kusa da Dutsen Zuma, inda mai keke ba ya yin nisa sai ya gamu da hawa, da wuya mu kwatanta ƙasar Holan a zuci. Can ƙasa shimfiɗe ta ke kamar faifai, shi ya sa yaro da babba kowa keke ne dokinsa. In ka hau keke ka bi hanyar da aka yi bisa ganuwa, sai ka ga kogi dama da kai, shanu suna kiwo hagun, ruwan nan kuwa ya fi shanun tudu. Wajen rubu'in ƙasar duka, teku ya fi shi bisa.

Ga yadda su ke yi. Sukan kewaye tafki ko fadama da ganuwar ƙasa, kana su kwashe ruwan ciki su zubar waje. Irin wannan fili shi su ke kira folda. Dā da famfo mai fukafukai wanda iska ke juyawa a ke kwasar, da shi aka busar da tafkin Bemsta a 1612. Guda 19 suna nan tsaye a Kindadaik tun wajen 1740, ko da ya ke yanzu injuna ne ke aikin. A 1932 kuma suka tare bakin wani reshen teku da ganuwa mai tsawon mil 20.

To, gina ganuwa ba shi ne wuya ba, tsaronta. Tun ƙarni na 13 manoma suka kafa majalisun ruwa, aka yanka wa kowa rabonsa na ganuwa da zai riƙa gyarawa, watau kamar gayya, amma ta dole. Har yau a kan zaɓi wakilan majalisun, suna kuma karɓar harajinsu. Duk da haka a 1953 teku ya fasa ganuwa da dare, mutum 1,836 suka halaka.

Mu ma an gwada. A fadamar Gulbin Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, an shirya foldar Zauro mai fiye da eka 25,000. A 1982 aka kewaye wajen eka 250 don gwaji. Manoma da masunta da yawa ba su yarda da babban aikin ba, suna tsoron rasa gonakin gado da ambaliyar da ke kawo musu kifi da taki. Ni dai ban ga laifinsu ba, gama ba su suka tsara shi ba.

Malami, in za ka koyar da wannan, fita da yara bakin rafi. Su gina 'yar ganuwar laka cikin ruwa marar zurfi, su kwashe na ciki da gwangwani. Raba musu ganuwar, ka bar yanki guda ba mai tsaro, gobe ku komo ku duba.