Malamin Kimiyya da Igiyar Lilo: Abin da Ake Koya a Taron Bita

Akwai malaman kimiyya da dama a makarantun sakandare waɗanda za su iya rubuta ƙa'idar lilo a kan allo da ka, ba tare da sun duba littafi ba, amma ba su taɓa ɗaura dutse a igiya sun auna kaiwa da komowarsa ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, domin haka su ma aka koyar da su. Sai dai ɗalibi ne ke kwana a ciki. Ranar da zai shiga jarrabawar aiki da hannu ta WAEC ko NECO, watakila ita ce ranar farko da zai riƙe agogon awo, alhali kuwa gwajin lilo yana daga cikin gwaje-gwajen da suka fi yawan fitowa a jarrabawar Fiziks.

Don magance wannan ne ake shirya wa malamai tarurrukan bita na aiki da hannu. A Nijeriya, Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Ƙasa, wato STAN, wadda aka kafa a 1957, ta daɗe tana shirya irin waɗannan tarurruka fanni-fanni. A ƙasar Kenya kuwa, a 1998 gwamnati ta haɗa kai da hukumar JICA ta ƙasar Japan aka fara shirin SMASSE a gundumomi tara, sa'an nan aka faɗaɗa shi zuwa ƙasar baki ɗaya a 2003. A 2006 aka ɗauki salon shirin a Jamhuriyar Nijar domin malaman sakandare, aka kuma ɗauke shi a jihohin Kaduna da Neja da Filato domin malaman firamare. Ginshiƙin shirin shi ne darasi ya zama aiki, ɗalibi ya zama shi ne mai yin aikin, kuma idan babu kayan kanti malami ya sarrafa abin da ke kusa da shi. To amma malamin da bai taɓa yin gwaji ya yi kuskure ya gyara ba, ba zai iya jan ragamar yaran da ke kuskure a gabansa ba. Saboda haka a taron bita na ƙwarai ana raba malamai rukuni-rukuni, uku ko huɗu, a miƙa musu kaya, su zauna a matsayin ɗalibai.

Auna jan ƙasa da igiya da dutse

Kayan da ake bukata su ne zare mai ƙwari wanda ba ya miƙewa, da noti na ƙarfe ko ɗan dutse, da ma'aunin tela, da agogo mai nuna sakan, ko na hannu ko na wayar salula. Za a ɗaura notin a bakin zaren, a rataye ɗaya bakin a ƙusa ko a saman ƙofa, yadda tsawon zai kai mita 1 daidai. Tsawon nan daga wurin rataya ake auna shi zuwa tsakiyar notin, ba zuwa samansa ba. Daga nan sai a ja notin gefe kaɗan, kada ya wuce santimita 15, a sake shi ba tare da an tura ba. Tafiya da dawowa su ne zagaye ɗaya.

Ƙa'idar da masana suka tabbatar ita ce, idan lilon bai yi faɗi ba, lokacin zagaye ɗaya ya dogara ne a kan abu biyu kawai: tsawon igiya da ƙarfin jan ƙasa. Idan aka kira tsawon L, lokacin zagaye T, ƙarfin jan ƙasa kuma g, to g = 4π²L ÷ T². Da yake 4π² ya kai kimanin 39.48, lissafin ba shi da wuya. Alal misali, a ce rukunin malamai sun ƙirga zagaye 20 cikin sakan 40.2. Zagaye ɗaya ke nan sakan 2.01. Idan aka ninka 2.01 da kansa za a sami 4.04, idan kuma aka raba 39.48 da 4.04 za a sami 9.77. Littafi ya ce 9.8. Da zare da noti an zo dab da shi.

Amma ba kasafai rukuni ke samun wannan amsa a karon farko ba, kuma a nan ne amfanin taron yake. Wasu za su fito da 10.9 su tsaya suna kallon juna. Idan aka bincika, sai a tarar mai ƙirga ya ce "ɗaya" a daidai lokacin da aka saki notin, maimakon ya ce "sifiri". Wato zagaye 19 ya ƙirga, ya kira su 20. Zagaye 19 suna cin sakan 38.1, idan aka raba da 20 sai a sami 1.9, daga nan kuma g ya haura kusan 10.9. Malamin da ya faɗa wannan rami da kansa, da ya ga 10.9 a littafin ɗalibi ya san inda gizo yake saƙa, ba sai ya ja jan biro ya wuce ba.

Wata tambaya da ake jefa wa malamai ita ce: me ya sa ake ƙirga zagaye 20, ba ɗaya ba? Dalili shi ne hannun ɗan Adam yana makara wajen danna agogo da kimanin sakan 0.2. A zagaye ɗaya mai sakan 2, wannan kuskuren kashi 10 ne cikin 100, kuma tun da ana ninka T da kansa, kuskuren da zai shiga g zai kai kusan kashi 20. A sakan 40 kuwa, makarar nan rabin kashi ɗaya ce kawai cikin 100. Wannan shi ne darasin da ya fi ƙa'idar kanta daraja, domin zai bi ɗalibi zuwa kowane awo da zai yi a rayuwarsa.

Kafin a tashi, ana tambayar malamai su faɗi abin da suke tsammani idan aka sa noti biyu a maimakon ɗaya. Sau da yawa ra'ayi yakan rabu: wasu su ce zai yi sauri, wasu su ce nauyi zai rage masa gudu. Sai a gwada, a ga lokacin bai canza ba, muddin tsawon yana nan. Idan kuma aka rage igiyar zuwa santimita 25, wato kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin zagaye zai koma sakan 1, rabin na farko.

Abin yana da tarihi. Galileo na ƙasar Italiya ya yi nazarin lilo tun wajen 1602, kuma Christiaan Huygens na ƙasar Holand ya ƙera agogo mai lilo a 1656. A 1672 wani Bafaranshe mai suna Jean Richer ya tafi da irin wannan agogo daga Faris zuwa Kayen, a Kudancin Amurka kusa da layin da ya raba duniya biyu, sai ya ga agogon yana makara da kimanin minti biyu da rabi a kullum. Daga nan aka gane jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina: a kan layin nan 9.78 ne, a ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu kuwa 9.83. Kano da Zariya da Maraɗi duk sun fi kusa da adadin farko.

Zoɓo a ɗakin gwaji

A ɓangaren Kemistiri, kukan da aka fi yi shi ne rashin takardar litmos da sauran sinadaran da ke bambance asid da kishiyarsa, wato bes. Mata a madafa sun riga masana littafi sanin maganin wannan, ko da ba su ba shi suna ba: duk mai miyar yakuwa ta san kanwa tana kashe tsami. Jan launin zoɓo daga wani sinadari ne da ake kira antosayanin, wanda ke sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Za a jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, a tace, a ƙara ruwa har ya tsinke yadda za a iya hango haske ta cikinsa, sa'an nan a zuba kaɗan-kaɗan a kofuna masu garai-garai. Kofin da aka matsa wa lemun tsami ko aka sa wa ruwan tsamiya zai ƙara ja. Wanda aka sa wa ruwan kanwa ko ruwan toka zai juya zuwa kore mai duhu. Idan aka ɗiga lemun tsami a hankali cikin koren nan, ja zai dawo, ɗalibi ya ga da idonsa yadda asid da bes ke kashe juna. Robert Boyle ya bayyana irin wannan gwaji a 1664 da ruwan wani fure mai shuɗi-shuɗi, saboda haka malamin da ya shiga aji da zoɓo bai ƙasƙantar da kimiyya ba.

Fannin injiniya kuwa yakan zo a matsayin gasa. A ba kowane rukuni karan dawa da zare, a ce su gina gada tsakanin tebura biyu, a riƙa ɗora mata nauyi har ta karye. Yaran da suka saba ƙera motar kara sukan fi malamansu hannu a nan. Abin da ake so a gano shi ne siffa mai kusurwa huɗu tana karkacewa da an danna ta, mai kusurwa uku kuwa ba ta karkacewa, shi ya sa kafinta ke giciya katako a jinkar kwano.

Inda dabara ta tsaya

Bai kamata a ɗauka zoɓo da kara sun ɗauke wa hukumomi nauyin sayen kaya ba. Zoɓo zai nuna asid, amma ba zai koya wa ɗalibi karanta bututun awo na gilashi da zai tarar ranar jarrabawa ba, kuma ba a sarrafa madubin ganin ƙwayoyin halitta mai kyau da gwangwani. Haka nan akwai abubuwan da bai halatta a yi dabara da su ba. Ruwan batirin mota asid ne mai ƙuna da makantarwa, ba abin ba yara ba ne, wutar lantarki ta soket ma haka. Malamin da zai tsarma asid mai ƙarfi, asid ɗin zai zuba cikin ruwa sannu a hankali, ba ya zuba ruwa a kan asid ba.

Matsala ta biyu tana jiran malami ne bayan ya koma makaranta. A wurin bita su huɗu ne a kan igiya ɗaya, a aji kuwa yara cike suke, lokacin darasi kuma minti 40. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rataye igiyoyi huɗu a kusurwoyin aji tun kafin a buga ƙararrawa, masu tsawon santimita 25 da 50 da 75 da 100. Kowane rukuni ya ƙirga zagaye 20 sau uku, ya rubuta a allo. A darasi na gaba sai ajin duka ya zana jadawali, tsawo cikin mita a kwance, T da aka ninka da kansa a tsaye. Ɗigogin za su jeru a miƙaƙƙen layi mai gangare kusan 4.0, idan kuma aka raba 39.48 da wannan gangare, g zai fito. Rukunin da ɗigonsa ya kauce wa layin sai ya koma kan igiyarsa ya sake auna tsawonta, ya kuma sake ƙirga daga sifiri.