Talabijin Mai Doro: An Zare Filogi, Wuta Na Nan Ciki

Tun a 2008 kamfanin Sony ya daina ƙera talabijin ɗinsa mai suna Trinitron, sauran kamfanoni ma suka watsar da mai doro suka koma shafaffiya. Duk da haka har gobe ana kawo ta gyara, wasu kuma suna can ɗakin shirgi suna jiran 'yan gwangwan. Mai wannan rubutu, wanda gyaran talabijin ne sana'arsa, ya lura cewa yaran shago na yanzu a kan filasma suka buɗi ido. Idan aka kawo mai doro, sai yaro ya zare filogi, ya kwance murfin baya, ya zura hannu hankali kwance.

Kwalbar hoton da ke cikin mai doro, wadda Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙiro a 1897, ba ta haske sai da wuta mai ƙarfin gaske. Soket ɗin gida bolt 230 yake bayarwa, amma taransifomar da masu gyara ke kira filaibak tana ɗaga wutar zuwa wajen bolt 25,000 a talabijin mai kala. Wata jar waya mai kauri ce ke kai ta jikin kwalbar, ƙarƙashin wata roba mai kamar ƙaramin faifai. An shafe gilashin da abin da ke ɗaukar wuta ciki da waje, saboda haka kwalbar kanta ma'ajiyar caji ce. Tana iya riƙe shi kwanaki bayan an kashe.

Sauke cajin ba ya cin minti biyar. Ƙwararre yakan cire zobe da agogo, ya sa takalmin roba, ya tsaya a busasshen wuri. Sai ya sami sukundireba mai faɗin baki da mariƙin roba, ya ɗaura mata waya, ɗaya bakin wayar ya maƙale shi a saƙaƙƙiyar wayar nan da ta ratsa bayan kwalbar. Hannu ɗaya a aljihu, don kada wuta ta sami hanyar bi ta ƙirji. Da ɗayan zai tura bakin sukundirebar a hankali ƙarƙashin robar har ya taɓo ƙarfen ciki. Wani lokaci a ji ƙas, wani lokaci shiru, kuma shirun ba shaida ba ne. Ya ɗan dakata ya maimaita, domin gilashi yakan maido da ragowar caji bayan saukewar farko. Mitar shago kuwa, wadda yawanci iyakarta bolt 1,000, ba a kusantar da ita wurin.

Cajin da ya rage a kwalba bai cika kisa ba. Fizga yake yi, hannu ya daki ƙarfe ya tsage, ko mutum ya saki kwalbar a ƙafarsa. Wadda masu gyara suka fi shakka ita ce babbar kafasitar da ke kusa da inda wuta ke shigowa. Ba ta fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba, tana riƙe bolt 300 da 'yan kai, amma cajin da ta tara ya ninka na kwalbar sau da yawa. Yara na tsoron jar waya, amma sai su ɗauki allon kayan wutar talabijin da tafin hannu daidai ƙarƙashin ƙafafun kafasitar. Kwan fitila mai zare da aka jona wa wayoyi biyu ya isa ya shanye cajin, sannan a auna da mita a tabbatar.

Duk wannan a kan wadda aka kashe ne. Gwaji da wuta a kunne aikin ƙwararru ne, don a wasu talabijin ɗin wani sashe na allon haɗe yake kai tsaye da wutar gida. Ana bukatar taransifoma mai raba tsakani, kuma ba a yinsa mutum shi kaɗai a shago.

Saura gilashin. An zuƙe iskar cikin kwalbar tas, iskar waje na danne ta ta ko'ina. In ta fashe, ciki take rubzawa sannan ta watso tarwatsi. Wuyanta ne mafi rauni, ba a ɗaukarta ta nan, ba a kuma cire ɗamarar ƙarfen da ta kewaye fuskarta. A nan 'yan gwangwan ke ganganci: suna bugun wuyan da guduma don su zaro naɗin tagulla, ba tabarau, ba safar hannu. Gilashin bayan kwalbar cike yake da dalma, kuma duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba zai bar tarkacen nan a inda yara ke wasa ba.

Masu shago su zaunar da yaransu su nuna musu sauke caji da hannunsu kafin su ba su mai doro. Mai tsohuwar talabijin a gida kuma ya bar murfin baya a ɗaure, ya kai wa wanda ya san aikin.