Manhajar Kwamfuta Wadda Ba A Biyan Kuɗinta

Kwamfuta ba ta iya yin kome sai da manhaja, watau jerin umarnin da masana suke rubutawa don sarrafa ta. Manhajojin da aka fi sabawa da su a ofisoshi da makarantu, irin su Windows da Microsoft Office, mallakar kamfani ne. Wanda ya biya kuɗi izinin amfani kawai ya saya. Ba shi da ikon kwafa wa wani, ba ya kuma ganin asalin rubutun da aka gina manhajar da shi. Tsadar wannan izini ita ke sa mutane da yawa sayen kwafin sata a kasuwa. Yin haka keta Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ne, sa'an nan irin wannan kwafi yakan zo da cutar da ke lalata ajiyayyun takardu.

Amma akwai wata hanya ta halal. A shekarar 1983 wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, ya fara aikin da ya kira GNU, da nufin samar da manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya duba rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa jama'a. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fito da Linux bisa irin wannan tafarki. Daga 1998 aka fara kiran irin waɗannan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da Linux, ko da bai sani ba.

Yau kusan kowane aikin ofis yana da tasa. LibreOffice, wadda ta fito a 2010, tana buga wasiƙa da lissafin kuɗi. GIMP tana gyara hoto. Firefox kuwa ta shiga intanet ce. Marubutan Hausa za su ji daɗin sanin cewa Linux tana da tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ.

Maganar ta ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali lafiyarsu lau. Makarantar da ba ta da halin sayen sababbi tana iya sa musu Ubuntu ko Linux Mint su ci gaba da aiki.

Sai dai fa kada a ɗauka babu ɗawainiya. Dole ne a horar da ma'aikata, kuma takardar da aka shirya da Word takan sauya fasali in an buɗe ta da LibreOffice. Birnin Munik na Jamus ya zaɓi Linux a 2003, amma a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Duk da haka, a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta wannan ƙasa ta amince da mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan buɗaɗɗen tushe.

Saboda haka ya fi kyau a fara da kaɗan. Ana iya sa LibreOffice a kan Windows ba tare da an taɓa kome ba, ana kuma iya gwada Linux daga filas kafin a girka ta. Lalle ne a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri tukuna, a kuma sauko da manhajar daga shafin masu ita kaɗai.