Ɗana, Kafaɗar Nan Ba Ta Gama Kamawa Ba

Na ji an ce ciwon ya lafa, har kana shirin komawa aiki a Challawa ranar Litinin. Zauna tukuna.

Abin da likita ya yi shi ne ya ɗinke jijiyar da ta tsinke a jikin ƙashi. Yanzu zare ne ke riƙe da ita. Kafin ta kama ƙashi da kanta sai wajen wata 3, ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai an doshi wata 6, wani ma sai ya shekara kafin ƙarfinsa ya dawo. Ciwo yakan tafi tun kafin jijiya ta kama, a nan mutane ke ruɗuwa. Kai ka san nauyin jiƙaƙƙiyar fata in an tsamo ta a majema. Ka ɗaga ɗaya sama da kanka, ɗinki ya ɓalle, aiki na biyu kuma bai cika yin kyan na farko ba.

Kada ka yi wasa da ranakun gashi a Asibitin Ƙashi na Dala. Za su sa ka sunkuya hannu yana lilo, daga baya yatsunka su riƙa hawa bango kaɗan-kaɗan. Za ka ga kamar wasan yara, alhali shi ke hana kafaɗa sandarewa. Mai ɗori ina ganin girmansa, amma wannan ba huruminsa ba ne, kada kowa ya ja maka hannu. Taba kuma ka ajiye ta, tana hana jijiya kamawa. Wajen kabbara ka tsaya inda hannun ya tsaya, Allah bai ɗora maka abin da ba ka iyawa ba.

Na san abin da ke ingiza ka: kuɗin haya, cefane, ga samari cike a bakin get a Sharada da Bompai suna jiran gurbi. Tun da a bakin aiki ka ji rauni, akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, kamfanoni na zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu. Je ka tambayi hakkinka. Ka karɓo takarda wajen likita, ka kai wa manaja, ka roƙi a sa ka ƙirgar kaya a sito zuwa bayan Sallah. In kana jin nauyin zuwa kai kaɗai, kawunka zai raka ka.