Tafkin Kalmalo da Ruwan Majiya: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Illela, watau su Gidan Katta da Kalmalo da Araba da sauran garuruwan bakin iyaka. Ba sabon abu ba ne talakawa su zo gaban hakimi da kukan tafki ya janye ko rijiya ta yi nisa. Wanda za a kawo wa irin wannan kuka kuwa, ya kamata ya san inda ruwan ya ke fitowa, da abin da ke tare shi a hanya.

Inda ruwan ya ke fitowa

Masana ba su duban tafki shi kaɗai. Su kan bi sawun ruwan har tudun da ya fara gangarowa, su ɗauki dukan ƙasar da ke zuba ruwanta wuri guda a kan abu ɗaya. Wannan ƙasa ita a ke kira kwarin kogi. Kwarin da ke ciyar da Tafkin Kalmalo shi ne na Majiya, wadda Faransawa ke rubutawa Maggia. Ta taso daga duwatsun Adar, wajen Buza a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ta gangaro kudu maso yamma, ta ƙetare iyaka kusa da Birnin Ƙonni, ta zube a Kalmalo. Ba ta gudu sai da damina. Ke nan mafi yawan ƙasar da ke tara wa tafkin ruwa tana hayin iyaka, ba ta ƙarƙashin kowane hakimi na Sakkwato.

Ruwan sama a wannan yanki ya kan kama wajen milimita 500 a shekara, watau kamar inci 20, wata shekara ya ɗara, wata ya kasa ƙwarai. Rana da iska kuwa suna iya ɗauke ruwa mai zurfin kusan mita 2 daga buɗaɗɗen tafki cikin shekara guda. Saboda haka tafki marar zurfi, in bai sami ƙari daga korama ba, ba ya kai wa wata damina.

Abin da ya rage ruwan

Tun bayan farin 1973 da na 1984 tafkin ya sha ƙafewa, masunta da masu noman rani suka tagayyara. Dalilan uku ne, kuma ba daidai ba ne a kama ɗaya a saki biyu.

Na farko ƙarancin ruwan sama na waɗannan shekaru. Na biyu madatsun ruwa. Gwamnatin Nijar ta tare Majiya a Mozage da Zango, ta ja ruwan ta babban lambatu zuwa gonakin rani na Ƙonni, waɗanda aka buɗe kashi biyu, a 1976 da 1982, faɗinsu ya haura hekta 2,400. Abin da aka tare a can, lalle ba ya isowa nan sai madatsun sun cika sun tumbatsa. Amma fa a tuna, masu cin amfanin gonakin nan 'yan'uwa ne, kasuwarsu ɗaya da mutanen Illela, auratayya kuma ba ta yanke ba.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, watau lalacewar tudu. A nan bincike ya gano wani abin mamaki. A 1987 wani masani Bafaranshe, Jean Albergel, ya nuna cewa a waɗansu ƙananan kwaruruka na Burkina Faso, ruwan da ke gudu a bisa ƙasa ya ƙaru a shekarun fari, alhali kuwa ruwan sama ya ragu. Daga baya aka iske haka a wurare da dama na Sahel. Dalili kuwa shi ne, in an sare itace, ciyawa ta ƙare, sai fuskar ƙasa ta daskare kamar daɓen ɗaki. Ruwa ya sauka bai sami hanyar nutsewa ba, sai ya kwarara gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, ya yanki kwazazzabo, ya kwashi yashi da laka. Mai kallo ya ga korama ta cika ta batse, ya ce an yi shekarar ruwa. Alhali lakar nan tana zuwa ta kwanta a gindin tafki da bayan madatsa, ta cinye mazaunin ruwa. Madatsun Majiya kansu laka ta rage musu ciki, har ya zama sai da aka yi wa gonakin Ƙonni babban gyara da taimakon Amurka, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016.

An gwada magani a kwarin nan, ya kuwa yi amfani. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Nijar suka dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don karya iska. A 1984 aka fara babban aikin Keita a ƙasar Adar da taimakon Italiya, inda aka jera duwatsu a kan gangare, aka haƙa ramuka masu tare ruwa, aka dasa itatuwa. Manufar duka ɗaya ce, a sa ruwa ya yi tafiya a hankali.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa

Wannan ma an bincika. A 1973 aka buga rahoton Anderson da Ogilbee, masanan Amurka da suka yi aiki tare da ma'aikatar binciken ƙasa ta Nijeriya a lardin Sakkwato. Sun bayyana cewa ruwan ƙasa hawa-hawa ya ke. Akwai na kusa a cikin farar ƙasar Kalambaina, wadda a ke yin siminti da ita, shi ke ciyar da rijiyoyi da idanun ruwa irin na Tafkin Kware. Akwai kuma na can ƙasa cikin yashi, wanda sai rijiyar burtsatse ke kai masa. Na kusa da damina ya dogara, shi ya sa ya ke saurin nuna wahala.

Yarjejeniyar Maiduguri

Nijeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta a Yamai. Ran 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kwaruruka huɗu bisa adalci: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta ɗora wa kowace ƙasa tattara bayanin ruwa ta miƙa wa hukumar. To, a nan aikin ya sauko kan hakimi da magatakardansa. Wakilin da ya je zaman shawara ya ce, tafkinmu ya ragu, za a tambaye shi, da nawa, kuma tun yaushe? In ba shi da rubutu, maganarsa ta zama ƙorafi kawai.

Abin da za a rubuta

A nemi ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko na ƙaramar hukuma, su kafa sanda mai alamun awo a tafki, a wurin da dabbobi ba su turewa. Malami ya karanta ta rana ɗaya a kowane mako, kada ya sāke ranar. A zaɓi rijiyoyi biyu ko uku a gari kamar Gidan Katta, a auna nisan ruwansu da igiya daga bakin rijiya sau ɗaya a wata, da asuba kafin mata su fara ja, gama in an fara ja awon ya ɓaci. A rubuta ranar da korama ta fara kawo ruwa da ranar da ta tsaya, da launin ruwan, ko ja ne mai laka ko garau.

Inda akwai ma'aunin ruwan sama, a duba shi kowace safiya. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, watau durom 50, saboda haka ƙaramin kuskure a littafi ba ƙarami ba ne a gona. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Ranar da malami bai duba ba ya bar gurbin fili, kada ya cika da ka. Masu lissafi sun san yadda za su yi da gurbi, amma adadin ƙarya ba ya ganuwa.

Littafin ya zauna a ofishin hakimi, a aika da kwafe ga ƙaramar hukuma ƙarshen kowane wata. In an yi wa magatakarda canjin wurin aiki, ya damƙa littafin ga magajinsa a gaban hakimi, ya kai shi ya nuna masa sandar da rijiyoyin da idonsa.