Zubi da Tsarin Labaran Binciken Laifi

Labarin binciken laifi wani reshe ne na ƙagaggun labarai da ake ginawa a kan ta'asar da aka yi a ɓoye, da kuma faɗi-tashin mai bincike wajen gano wanda ya aikata ta. Masana sukan danganta asalinsa ga marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe, wanda ya fitar da The Murders in the Rue Morgue a shekarar 1841.

A shekarar 1966, manazarci Tzvetan Todorov ya nuna cewa irin wannan littafi labarai biyu ne a cuɗe. Na farko shi ne labarin laifin, wanda sau da yawa ya riga ya auku tun kafin a fara bincike. Na biyu kuwa shi ne labarin binciken, wanda yake bin sawu da baya har ya tono na farko. Ke nan, tambayar da take riƙe mai karatu ita ce: wa ya yi?

To amma idan laifin garkuwa da mutum ne, sai zubin ya sauya, domin wanda aka sace yana raye, masu garkuwa kuma sun yanke wa'adin biyan kuɗin fansa. A littafin James Hadley Chase mai suna No Orchids for Miss Blandish (1939), mai karatu ya san gungun da suke riƙe da 'yar attajirin tun kafin jami'in bincike ya sani. Abin da ya rage shi ne ko za a cim mata da rai. Littattafan Chase sun sami karɓuwa ƙwarai wurin ɗalibai a Nijeriya a shekarun 1970 da 1980.

Kisan jere ya fi buƙatar ƙwarewa, saboda dole ne kashe-kashen su kasance da wani tsari da zai haɗa su. A cikin The ABC Murders (1936) na Agatha Christie, an kashe Alice Ascher a garin Andover, aka kashe Betty Barnard a Bexhill, sannan Sir Carmichael Clarke a Churston. Ana barin littafin jadawalin jiragen ƙasa kusa da kowace gawa. 'Yan sanda suka ɗauka aikin mahaukaci ne mai bin jerin haruffa. Sai Hercule Poirot ya gano cewa kisa na uku kaɗai ake nufi, domin ɗan'uwan mamacin ne yake kwaɗayin dukiyarsa, ya lulluɓe kisan a cikin sauran don a kau da zargi daga kansa. A nan tsarin da ya kamata ya zama jagora shi ne ya zama tarko, ga 'yan sanda da mai karatu baki ɗaya.

Wannan yaudara tana da iyaka. A shekarar 1929 Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji 10, daga ciki har da cewa lallai a ambaci mai laifin tun farkon labari, kuma kada mai bincike ya ɓoye wa mai karatu wata shaida da ya samu. Marubucin da ya jefo baƙon tauraro a babin ƙarshe ya ce shi ne makashin, ya ci amanar mai karatu. Da wannan ma'auni malami zai sa ɗalibai su koma farkon littafi bayan sun gama shi, su zaƙulo kowace alama da aka dasa, su tantance wadda ta kai ga mai laifi da wadda aka sa don ɓad da sawu.