Darasi: Mafita Ga Wanda Bashi Ya Yi Wa Katutu

Ya ƴan'uwa, muna ganin magidantan da bashin hatsin damina ya hana wa barci, har suna sauya hanya gudun mai bin su. Ɓuya ba ta biyan bashi.

Da farko mu rubuta abin da ake bin mu. Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umurni da rubuta bashi. Sannan mu tafi da dattijo wurin mai dukiya, mu faɗi gaskiya, mu roƙi jinkiri. Aya ta 280 ta ba matsattse wannan haƙƙi. Mu riƙa ragewa, ko da jikka guda ce ranar kasuwa. Kada mu ci bashin riba don toshe wani. Wanda ya gaza, yana da rabo cikin zakka (Tauba, 60).

Allah ya yaye mana.